Ciwon Sukari: Linzamin Yana Hannun Mai Shi

Ƴan uwa masu karatu, filinmu na lafiya da noma zai tsaya yau a kan ciwon sukari, wanda ma'aikatan asibiti suke kira diyabet. A Sabon Gari da sauran unguwannin Maraɗi da wuya a sami wanda bai san mai wannan ciwo ba, ko cikin danginsa ko cikin maƙwabtansa. Haka abin yake a Tibiri da Jiratawa. A da ana ce masa ciwon attajirai. Yanzu ga shi ya kama manomi, ya kama ɗan kabu-kabu, ya kama mai tuyar ƙosai a bakin titi.

Abin da ya fi damunmu shi ne halin da mutum yake shiga ranar da aka gaya masa yana da ciwon. Gwiwarsa takan yi sanyi. Wani ya ƙaurace wa abinci har ya rame. Wani ya ɓoye takardar likita a ƙarƙashin katifa don kada kowa ya sani. Wata ta sayar da akuyarta ta sayi gorar maganin da aka ce yana warkarwa cikin kwana 7. Dukansu abu ɗaya ne ya same su. Sun ɗauka babu abin da su da kansu za su iya yi.

A ganinmu wannan zato shi ne yake ƙara wa ciwon ƙarfi. Mai ciwon sukari yana iya riƙe ciwonsa, ya yi nomansa, ya yi kasuwancinsa, ya aurar da ƴaƴansa, ya ga jikokinsa. Sharaɗin shi ne ya yarda da kansa. Ita kuwa yarda da kai ba a haihuwar mutum da ita. Koyonta ake yi, kamar yadda muka koyi baƙi da wasali a ajin yaƙi da jahilci.

Mu yi lissafi. Shekara kwana 365 ce. In mutum yana zuwa asibiti sau ɗaya kowane wata, ya ga likita kwana 12 ke nan. Saura kwana 353. A waɗannan kwanaki babu likita a kusa da shi lokacin da zai sa hannu a kwano, ko zai haɗiye ƙwaya, ko zai shiga gona. Shi ne mai yanke shawara. Saboda haka duk maganin da bai haɗa da koyar da mai ciwon ba, rabin magani ne.

MU SAN ABOKIN ZAMA

Mutum yakan ji tsoron abin da bai sani ba. To, mu san ciwon.

Tuwo, fura, shinkafa, burodi, rogo da dankali duk sukari suke komawa a cikin jini bayan an ci. Wannan sukari shi ne ƙarfin da jiki yake aiki da shi. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi mai yin wani sinadari da ake kira insulin. Aikinsa shi ne ya buɗe wa sukari hanya daga jini zuwa cikin tsoka.

Manoman Jiratawa za su gane wannan da sauri. Ruwa yana gudu a babbar magudana, amma ba ya amfanar shuka sai an buɗe masa ƙofa ya shiga fangali. In ƙofa ta ƙi buɗewa, magudana ta cika ta yi ambaliya, shuka kuwa tana can tana bushewa. Haka ciwon sukari yake. Jini ya cika da sukari, jiki yana jin yunwa da kasala. Yau da gobe sukarin da ya taru yana cin hanyoyin jini na ido, da ƙoda, da zuciya, da ƙafa.

Alamominsa su ne yawan fitsari, musamman da dare, da ƙishirwa mai tsanani, da rama ba dalili, da gajiya, da gani dishi-dishi, da rauni mai jinkirin warkewa. Wasu kuma ba sa jin komai shekara da shekaru, sai awon jini ya nuna.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko yakan kama yara da matasa. Jikinsu ya daina yin insulin, sai an riƙa yi musu allurarsa muddin rai. Ba shan alawa ya jawo musu ba, kuma ba laifin uwa ba ne. Na biyu yakan kama manya, shi ne na mutum 9 cikin 10 masu ciwon. Gado, da ƙiba, da yawan zama, da shekaru suna cikin abubuwan da suke jawo shi. Akwai kuma wanda yake zo wa mace lokacin da take da juna biyu, shi ya sa awon ciki yake da muhimmanci. Ko wane iri ne, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta zaman aure. Ba sammu ba ne.

Kuma mai shi ba shi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce masu ciwon sukari a duniya sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. A nan Nijar, binciken da aka yi a 2007 ya sami ciwon ga manya 4 da ɗoriya cikin kowane 100. Ciwon da ya kama mutane masu yawa haka ba abin kunya ba ne.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Kafin 1921 yaron da ya kamu da irin na farko ba ya daɗewa. A wannan shekara Frederick Banting da Charles Best suka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro allurar, ya tashi. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon sukari ta duniya.

Amma tun kafin a sami allurar, wani likita na birnin Boston a Amurka, Elliott Joslin, ya lura da wani abu. Majinyatan da suka fahimci ciwonsu sun fi sauran samun sauƙi. A 1918 ya rubuta littafi don majinyata su karanta da kansu, ya kuma riƙa sa su rubuta abin da suka ci da abin da awo ya nuna. Wato tun shekara ɗari da suka wuce an gane cewa karatu da rubutu suna cikin maganin wannan ciwo. Mu da muka koyi karatu da girmanmu, ga wurin da wahalarmu za ta biya mu.

MATAKI NA FARKO: KARANTA LAMBARKA

Awon sukari ɗigon jini guda ne daga yatsa. Ana yinsa a cibiyoyin lafiya na unguwa da ake kira CSI, da manyan asibitocin Maraɗi. Lambobin da ya kamata mu riƙe ba su da yawa.

In an auna mutum da safe kafin ya ci komai, aka sami 1,26 ko fiye, aka sake wata rana aka sami haka, to yana da ciwon. Ga wanda yake shan magani, yawanci ana so lambar safe ta tsaya tsakanin 0,80 da 1,30. Awa 2 bayan cin abinci ana so kada ta wuce 1,80. In ta sauka ƙasa da 0,70, sukari ya yi ƙasa, akwai haɗari. Wasu na'urori ba sa nuna waƙafi. Sukan rubuta 126 a maimakon 1,26, da 70 a maimakon 0,70. Duk ɗaya ne. Tsoho, da mai juna biyu, da yaro, likita zai faɗa wa kowa lambar da ta dace da shi.

Muna roƙon mai ciwo kada ya yarda a ce masa kawai "ya hau" ko "ya sauka". Ya tambaya nawa ne. Ya duba da idonsa. Gani ya kori ji. Lambar da ta hau ba hukunci ba ce, kuma ba zagi ba ce. Labari take bayarwa, kamar yadda ganyen hatsi in ya yi ɗorawa yake gaya wa manomi gona tana son taki.

MATAKI NA BIYU: KAYE DA BIK

A sayi kaye ɗaya, a ware shi don ciwon. A ja layi huɗu a kowane shafi: ranar wata, lambar awo, abin da aka ci, maganin da aka sha. A shafin farko a rubuta sunan magani da manyan baƙaƙe, da yawan ƙwaya, da lokacin sha. Ko rubutun bai yi kyau ba, ba komai. Mai shi da likitansa ne za su karanta.

Bayan wata ɗaya ko biyu kayen zai fara magana. Mutum zai ga cewa ranar da ya sha fura da sukari lamba ta hau. Ranar da ya ci wake da zogale ta zauna daidai. Makon da magani ya ƙare bai saya ba, ta tashi. Wannan ilimi ba wanda ya ba shi, shi ya samo abinsa. Daga nan ne zuciya take fara ƙarfi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar zuwa asibiti a tafi da kayen, tare da tambaya biyu ko uku da aka rubuta tun a gida. A faɗa wa likita gaskiya, ko an sha maganin gargajiya, ko an tsallake ƙwaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

MATAKI NA UKU: KWANON KANKA

Maganar abinci ita ta fi karya zuciyar mutane. Kowa ya zo gaisuwa sai ya hana wani abu, har mai ciwo ya rasa abin ci. Wasu ma suna cewa sai alkama kaɗai, ko sai abincin kanti mai tsada. Wannan ba daidai ba ne. Mai ciwon sukari yana cin abincin gidansu. Abin da ake gyarawa shi ne yawa da haɗi.

Ya sami ƙaramin kwano nasa, don a kwanon taro ba a sanin abin da aka ci. Rabin kwanon ya zama ganye da kayan lambu: zogale, tafasa, rama, yakuwa, kuɓewa, salati, tumatir. Kashi ɗaya cikin huɗu wake, ko kifi, ko nama, ko ƙwai. Sauran kashi ɗayan tuwo, ko dambu, ko shinkafa. Hatsi da dawa da ba a cire musu dusa duka ba sun fi farar shinkafa da burodi jinkirin ɗaga sukari. Fura da koko suna shiga jini da sauri, sai a sha su da awon ludayi, ba tare da sukari ba. A ci sau uku a kan lokaci, kada a wuni da yunwa a rama da dare.

Abin da za a bari shi ne lemun kwalba, da zoɓo mai sukari, da shayin fada wanda ake zuba wa sukari a kowane zagaye. A zauna a fada a yi hira, amma a ce a ɗebi nawa kafin a sa sukari. Zuma ma sukari ce, dabino ma haka, sai kaɗan. A rage gishiri da magi da mai, domin hawan jini yakan yi tafiya tare da ciwon sukari. A bar taba.

A nan mutanen Maraɗi sun yi sa'a. Lambunan Jiratawa, waɗanda aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, da na bakin gulbi wajen Tibiri, suna ba mu ganye rani da damina. Zogalenmu har Yamai ake kai shi. Abin da likitocin duniya suke roƙon majinyatansu su ci, mu a gonarmu yake. Sai dai mu faɗi gaskiya: zogale abinci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin ƙwaya ko allura.

Kada a canza komai da komai rana ɗaya. Wannan mako a cire sukari daga koko. Mako mai zuwa a rage malmalar tuwo. Wanda ya ci nasara a ƙaramin abu shi ne yake samun ƙarfin kama babba.

MATAKI NA HUƊU: SANIN ABIN YI IN SUKARI YA FAƊI

Masu allurar insulin, da masu shan wasu ƙwayoyi irin su gilibenkilamid, sukarinsu yana iya faɗuwa ƙasa. Yakan faru in an sha magani ba a ci abinci ba, ko an yi aiki mai nauyi kamar noma da girbi. Mutum zai ji rawar jiki, da zufa, da yunwa, da jiri, da bugun zuciya.

Maganinsa yana cikin aljihu. A tsotsi ƙwaya 3 na sukarin kwali, ko a sha babban cokali ɗaya na sukari a ruwa. A zauna a inuwa minti 15. In bai wuce ba a ƙara. In ya wuce a ci abinci. Amma in mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a kai shi asibiti nan da nan.

Saboda haka manomi mai ciwon sukari ba zai bar gonarsa ba. Ya ci abinci kafin ya fita, ya tafi da ruwa da sukarinsa, ya gaya wa wanda suke aiki tare abin da zai yi in ya ga ya rikice. Aikin gona ma yana rage sukari. Wanda ba ya noma kuwa, ya yi tafiyar ƙasa ta minti 30, kwana 5 a mako. Mazaunin Sabon Gari yana iya taka ƙafa zuwa kasuwa a maimakon hawa kabu-kabu.

MATAKI NA BIYAR: ƘAFA

Ciwon sukari in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa, har ƙaya ta soki mutum bai ji ba. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Manomin da ya rasa ƙafa ya rasa gona. Amma yawancin wannan hasara ana iya kauce mata ba tare da kashe ko dala ba.

Kowane dare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Mai alwala ya riga ya saba wanke ƙafa, sai ya ƙara dubawa da sharewa. In ido ba ya gani sosai, ɗa ko jika ya duba. Kada a yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. A zazzage takalmi kafin a sa. Lokacin hunturu a shafa mai don hana faso, kuma kada a kanga ƙafa a kaskon wuta. Kada a yanke kanta da reza, kada a kai ƙafa wurin wanzami. Duk raunin da aka gani, a nuna shi a asibiti ba tare da jira ba. Ido kuma a kai shi awo sau ɗaya a shekara.

ALLURA BA ƘARSHEN RAYUWA BA CE

Da yawa suna cewa in an kai ga allura to an gama. Ba haka ba ne. Insulin abu ne da jikin kowa yake yi, wanda nasa ya gaza ake ƙara masa. Wanda ya iya riƙe bik zai iya koyon yi wa kansa allura.

Wasu kuma suna tsoron rashin firigo. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyi, amma kada ta daskare. Wadda aka fara aiki da ita tana da ɗan haƙuri. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a kan zafin wani sansanin ƴan gudun hijira na ƙasar Kenya. Sun ga insulin ya riƙe ƙarfinsa mako 4 a zafin da yake hawa da sauka tsakanin 25 da 37. Zafin Maraɗi a watan Afrilu da Mayu yana wuce 40, saboda haka sai da dabara. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Wani malami ɗan jihar Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta duniya a 2000 saboda yaɗa wannan dabara don ajiyar kayan lambu. A naɗe kwalbar a leda kada ruwa ya taɓa ta.

YARDA DA KAI DABAN, GANGANCI DABAN

Akwai masu cewa in aka koya wa talaka lambobi zai mai da kansa likita, ya riƙa ƙara magani da ragewa yadda ya ga dama. Tsoronsu yana da dalili. Amma mu duba su wa suka fi barin magani. Su ne waɗanda ba a taɓa yi musu bayani ba. Mutum ya ji sauƙi, ya zaci ya warke, ya ajiye ƙwaya. Wanda ya san ciwon ya san cewa sauƙin daga ƙwayar yake.

Mai yarda da kansa ya san iyakarsa. Ba ya canza magani sai da shawarar likita. In ya ga amai ba tsayawa, ko numfashi sama-sama, ko barci mai nauyi, ko ƙafa ta kumbura ta yi baƙi, ba ya kwana a gida. In mai lasifika a kasuwa ya ce yana da maganin da yake tumɓuke ciwon sukari, ba ya ba shi kuɗinsa, domin har yau ba a sami irin wannan magani ba.

Haka batun azumi. A je wurin likita tun saura mako 6 ko 8, a ji ko za a iya, da yadda za a sha magani. Awon yatsa ba ya karya azumi. In lamba ta sauka ƙasa da 0,70, ko ta haura 3,00, a sha ruwa. Addini ya yi wa maras lafiya sauƙi.

Akwai kuma masu cewa ina amfanin ƙarfin zuciya ga wanda ba shi da kuɗin magani. Wannan magana ce mai nauyi. Ƙwaya, da allura, da takardun awo suna cin kuɗi kowane wata, kuma OMS ta ce a 2022 fiye da rabin masu ciwon a duniya ba sa shan magani. Hakkin hukuma ne ta sa magungunan nan su samu a cibiyoyin lafiya da araha, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma duba ƙafa, da rage sukari, da tafiyar ƙasa, da rubutu a kaye ba su da tsada. Kuma wanda ya san ciwonsa yakan ware kuɗin magani tun lokacin kaka, kafin ya sayar da wake da gujiya ya shiga hidimar biki. Kuɗin ƙwaya na shekara bai kai kuɗin jinyar gyambo ba.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

A birnin Bamako na ƙasar Mali an yi wani gwaji da ya kamata mu sani. Ƙungiyar Santé Diabète ta horar da wasu masu ciwon sukari don su koyar da ƴan uwansu. Mutum 151 suka shiga gwajin, aka raba su biyu. Rabi suka riƙa zuwa karatun, rabi suka tsaya ga zuwa asibiti kawai. Bayan shekara ɗaya, sukarin masu zuwa karatun ya sauka fiye da na sauran ƙwarai. An buga sakamakon a 2018. Malaman nan ba likitoci ba ne. Masu ciwo ne kamar ɗalibansu, suna magana da harshen gida a kan abincin gida.

Abin da aka yi a Bamako ana iya yinsa a nan. Masu ciwon sukari biyar ko goma na Sabon Gari suna iya haɗuwa sau ɗaya a wata, kowa da kayensa. Suna iya yin adashi su sayi na'urar awo guda, sai dai kowa da tsinken sukarsa, ba a haɗawa. Mata suna iya yin haka a ƙungiyoyinsu. Manoman Jiratawa suna iya ware minti kaɗan a taronsu. Sabon shiga in ya ga wanda ya shekara 15 da ciwon yana nan da ƙafarsa da idonsa, zai fi yarda da shi a kan dogon wa'azi.

Muna kira ga iyali. Kada a mai da mai ciwo kamar ɓarawo, ana bin lomarsa da ido. Kada kishiya ko dangin miji su yi wa mace gori da ciwonta. Maigida ya ba da kuɗin awo kamar yadda yake ba da na cefane. Uwargida ta ɗebi na mai ciwo kafin ta sa sukari. In gida duka ya koma cin ganye da rage zaƙi, yara ma sun sami rigakafi, tun da ciwon yana bin jini.

Muna kira ga ma'aikatan lafiya. Mun san layi yana da tsawo, ku kuma kaɗan ne. Duk da haka tsawa da tsoratarwa ba sa gyara majinyaci, korarsa suke yi zuwa wurin mai tallar magani. Ku rubuta masa lambarsa da baƙaƙen da zai iya karantawa. Ku yi masa bayani da Hausa. In ya yi ƙoƙari, ko kaɗan ne, ku ce masa madalla.

Muna kira ga malaman yaƙi da jahilci su sa karatun lambar awo da takardar magani cikin darasin lissafi. Gidajen rediyon Maraɗi su ba masu ciwon da suka riƙe kansu fili su yi magana, su kuma yi hattara da tallar masu alkawarin warkarwa. Sarakunanmu na Maraɗi da Tibiri, da limamai da masu unguwa, su ja hankalin jama'a zuwa awo, musamman wanda ya wuce shekara 40, da mai ƙiba, da wanda ciwon yake cikin danginsa.

Kai kuma ɗan uwa, ke kuma ƴar uwa, da aka ce kuna da ciwon nan, ku tuna ranar da kuka fara riƙe alli. Hannu yana rawa, baƙi yana karkacewa, ga shi yau kuna karanta jarida. A wannan mako ku sayi kaye, ku rubuta sunan maganinku a shafin farko, ku duba ƙafarku kafin ku kwanta. Sauran matakan za su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.